Gyambon da Ya Ci Har Hantar Inna

Kun sha jin labarin nan a bakin jikokin Gwaggo Dije, ana ba da shi ana dariya, wai ni ce na tsaya gaban Bature na tona wa uwata asiri har aka yanka ta. Ban taɓa musawa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Amma yanzu da hannuna ya fara rawa idan na riƙe alƙalami, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru tun daga tushe, kada ku gaji rabin zance.

A lokacin muna zaune a Tudun Wada. Turawa ba su tafi ba tukuna, Kaduna kuma ba ta cika haka ba. Daga ƙofar gidanmu ana hango gonakin dawa, da yamma ana jin kukan jirgin ƙasa idan zai haye gada. Baba tela ne a kasuwa, yana yi wa akawuna da masinjoji ɗinki. Ni ce ƴar fari a wurinsa da wurin Inna, kuma ku da kuka tashi a wannan zamani ba lallai ku san nauyin wannan ba. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta haɗa ido da ni. Idan tana son in ɗebo ruwa, sai ta leƙa randa ta ce, "Wannan kuma ta ƙafe," ni kuwa in ɗauki guga. Kunya ce irin ta mutanen da, haka aka yi mata, haka ta ga ana yi. Tun da aka yaye ni Gwaggo Dije, yayar Baba, ta ɗauke ni zuwa gidanta da ke bayan namu. Mace ce mai faɗa, amma ita ta yarda aka sa ni boko har na kai makarantar horon malamai mata. A shekarar da nake ba ku labari na dawo gidan Baba ke nan, ina koyar da ƴan aji ɗaya, an ba ni ɗakin da ke kallon na Inna.

Tunda ba ma hira, sai na zama mai kallonta. Dama ni yarinya ce mai yawan zama shiru, ina da ɗan littafin da nake rubuta baitoci a kan ruwan sama da furen mangwaro, har Gwaggo kan ce sai an kira ni sau uku kafin in dawo daga inda nake zuwa. To, inda nake zuwa sau da yawa bai wuce tsakar gidanmu ba. Na san yadda Inna ke karkata kai idan tana tankaɗe, na san tarin da take yi kafin ta shiga ɗakin Baba. Na kuma san cewa a bakin zanenta kullum akwai ƙullin kanwa. Da hantsi, kafin a ci wani abu, sai ta tsaya da daka, ta dafe ƙahon zuciyarta, ta kwance ƙullin ta ɓantari kanwa ta jiƙa a ludayi ta shanye. Can sai ta yi gyatsa, ta ɗauki taɓarya ta ci gaba. In ta samu fura da nono ta sha, ciwon kan lafa har la'asar. Da azumi kuwa nakan ga tana durƙushe a bayan rumbu, ta haɗa kai da gwiwa. Tun ina ƙarama ina shigowa gidan da aike nake ganin wannan. Babu wanda ya taɓa kiransa ciwo, ita ma ba ta ɗauke shi ciwo ba, tunda kanwa kayan miya ce, ba daga hannun mai magani ta fito ba.

Da damunar shekarar nan abin ya sake. Kanwa ta daina aiki. Ciwon da ke zuwa yana tafiya ya zo ya zauna, hannun Inna kuma ya bar ƙahon zuciya ya koma gefen dama da gadon baya. Ta daina cin tuwo, ta rame, tafin hannunta ya yi fari fat, zazzaɓi yana rufe ta da yamma. Da tafiya zuwa bayan gida ta gagare ta, ni na riƙa fitar da kaskonta, tana juya fuska bango ina ɗauka. Abin da na gani a ciki baƙi ne wuluk, mai danƙo kamar kwalta. Sau ɗaya kuma ta yi amai kamar an jiƙa garin gawayi. Na wanke, na kife kaskon a rana, ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Gwaggo ta ce ciwon shawara ne, ta kawo saiwoyi, ta sa wanzami ya kafa mata ƙaho a haƙarƙari. Da abin ya ƙi, Baba ya roƙi wani maƙwabci mai mota aka kai ta asibitin gwamnati.

Likitan Bature ne dogo, rana ta dafa masa wuya ya yi ja. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, don haka yana tafe da tafinta, wani ma'aikacin asibitin, namiji sa'an Baba. Ina tsaye a ƙarshen gado, Gwaggo tana zaune a kan tabarma.

"Likita yana tambaya, yaya jikin?" in ji tafinta.

"Da sauƙi," Inna ta ce daga cikin mayafi.

"Tun yaushe ya fara?"

"Da damunar nan ne."

"Kafin nan ba kya ciwon ciki?"

"Lafiyata ƙalau."

"To bayan gida fa, yaya yake fita?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Gwaggo ce ta amsa, tana hararsa.

"Yadda na kowa ke fita. Wace irin tambaya ce wannan ga matar aure, malam?"

Tafinta ya juya ya faɗa wa likita abin da aka faɗa masa, bai ƙara ba bai rage ba. Ina jin harsunan biyu, ina jin yadda gaskiya ke zubewa a tsakaninsu, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Likita ya danna cikin Inna, da ya kai ƙarƙashin haƙarƙarin dama ta yi nishi. Ya ce hanta ta kumbura, ga zazzaɓi, wataƙila ƙurji ne mai mugunya a cikinta, irin wanda suke yawan gani a lokacin. Aka fara yi mata allura. Kwana goma ana yi, kullum da safe kafin in tafi makaranta ina kawo kunu, kullum ina tarar da ita ta fi jiya shigewa cikin katifa.

Ranar sha ɗaya ta faɗo Asabar, babu makaranta. Ina ninke zannuwa likita ya tsaya ya duba takardarta, ya yi magana ƙasa-ƙasa da nas ɗin ɗakin da Turanci. Ya ce tunda allura ba ta yi komai ba, yana tsoron dajin hanta ne, kuma wannan ba su da abin yi masa. Gara a sallame ta yau, ta ƙarasa kwanakinta cikin ƴan'uwanta. Nas ɗin sunanta Saratu, Kirista ce daga ƙasar kudu da Kaduna, ta girme ni da ƴan shekaru, Hausarta kuma ta fi ta wasu ƴan gari. Ta dubi fuskata ta gane na ji. Da likita ya wuce gado na gaba sai ta ja hannuna zuwa baranda.

"Malama, kin ji abin da ya ce ko?"

"Na ji."

"To mene ne a bakinki? Tun ranar da kuka zo nake ganin yana motsi, ba ya fitar da komai."

Na faɗa mata, ina kallon ƙasa. Da na zo kan kaskon sai ta riƙe kafaɗata.

"Baƙi kamar kwalta? Ƙanwata, jini ne wannan, jinin da ya daɗe a ciki. Me ya hana ki faɗa?"

"Ni ce ƴar fari."

Ta yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi.

"Mu ma muna da irin namu a gida. Amma duba nan. In na je na faɗa masa, zai ce tun yaushe, kafin cin abinci ko bayansa, sau nawa a rana. Ni ban sani ba, gwaggonki ba za ta faɗa ba, mai jikin kuma da sauƙi kawai ta iya. Saura ke. Yana gama zagayen nan zai fita, kafin azahar kuna gida."

Da muka koma ɗakin, Baba ya iso, an riga an aika masa. Gwaggo tana ɗaure kwanuka a tsumma. Likita ya juyo zai wuce ƙofa. Ban san lokacin da na sha gabansa ba, na ji dai muryata tana fita da Turancin makaranta. Na ce masa mahaifiyata ta yi shekaru tana ciwon ciki, ciwon da ke tashi idan ciki ba komai, ya kwanta idan ta ci abinci ko ta sha kanwa. Bai san kanwa ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na je na kama bakin zanen Inna a gaban mutane, na kwance ƙullin, na miƙa masa. Ya shinshina, ya ɗan lasa, ya dubi Saratu, ta yi masa bayani. Sannan na faɗi maganar kaskon da ta aman. Na yi zaton Turanci zai rufa mana asiri. Amma likita ya ce a tabbatar daga bakin mai jikin, tafinta kuwa mutum ne mai cika aikinsa. Ya juya ya ɗaga murya yadda kowa a ɗakin zai ji.

"Ƴarki ta ce bayan gidanki baƙi ne kamar kwalta, wai ita ke kwashewa. Haka ne?"

Baba ya saka takalminsa ya fita. Gwaggo ta saki tsumman hannunta, kwanuka suka watse.

"To madalla," ta ce. "Boko ya gama aikinsa."

Mayafin Inna ya motsa. Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Likita ya jawo kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya yi mini tambayoyi kusan rabin sa'a, kuma babu wadda ban san amsarta ba, har ni kaina na yi mamaki. Da ya gama ya yaga takardar sallamar. Ya ce mini shi ma yana da laifi, ya ga hanta ta kumbura sai ya daina neman komai. Ban taɓa manta masa wannan maganar ba.

Ranar Litinin aka hana Inna cin komai, aka ba ta wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, aka shiga da ita ɗakin hoto. Da hoton ya fito Saratu ta kira ni. Likita ya ɗaga shi a jikin taga, haske ya ratsa. Na ga tumbin Inna fari, a lanƙwashe kamar gora, a gefe guda kuma wani abu ya tsiro waje kamar babban yatsa. Ya ce nan ne farin ruwan ya shiga ya zauna, domin rami ne. Gyambo ne ya yi shekaru yana cin bangon tumbin har ya huda shi. Ga yawancin mutane, in haka ta faru, abin da ke cikin tumbi kan zube cikin ciki, mutum ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a yi masa aiki ba. Ita kuwa Inna, wurin da ya huje yana jingine da hanta, sai suka manne, hanta ta zama murfin ramin. Gyambon bai tsaya ba, ya ci gaba da cin hantar, shi ya sa ta kumbura take ciwo, shi ya sa jini ke tsiyaya, shi ya sa kanwa ta daina aiki. Ya ce ba zai rantse babu daji ba sai an buɗe an gani, kuma da irin ramar da ta yi tana iya tafiya a wurin aikin. In an bar ta kuwa, jinin zai ƙarasa ta. Na tsaya ina kallon wannan ɗan yatsa na haske. Abin da na yi shekaru ina kallo a tsakar gidanmu ke nan, yau ga shi a jikin taga.

Da la'asar aka taru a gefen gadon. Tafinta ya maimaita bayanin. Gwaggo ba ta bari ya rufe baki ba.

"Ba za a farke ta kamar akuyar layya ba. A mai da ita ɗakinta. In kwana ya ƙare, a yi mata wanka da jikinta cikakke."

Baba ya daɗe yana murza hularsa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, don haka takalminsa ya tambaya.

"Su masu karatu me suka gani?"

"Baba, na ga ramin da idona," na ce. "Yana nan inda take dafewa."

"Ita aka tambaya yanzu a gidan nan," in ji Gwaggo. "Mu mun zama kayan ɗaki."

Inna tana kwance ta ba mu baya. Muryarta ta fito siririya, da bango take magana.

"Tunda an riga an faɗa, a ƙarasa."

Baba ya dangwala yatsa a takarda. Washegari shi da wani abokin ɗinkinsa suka ba da jini, aka ƙara mata. Ranar aikin, tun da hantsi muke zaune a baranda ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Gwaggo tana jan carbi ta juya mini ƙeya, ni ina ƙirga ɗigon da ke sauka daga bakin kwanon rufi ina ɓatawa ina sakewa. Bayan azahar Saratu ta fito tana share goshi. Ta ce an tarar da abin yadda hoto ya nuna, tumbi ya manne da hanta, da aka raba su sai ga rami wanda goro zai shige, ƙasansa kuwa naman hanta ne. An yanke ɓangaren tumbin da ya lalace, an ɗinke sauran, an tsayar da jinin. Hanta, in ji ta, aba ce mai haƙuri, za ta cike da kanta. An gutsuri ɗan naman wurin an aika Ikko a duba da madubin likita. Bayan makonni amsa ta dawo, babu daji.

Kada ku zaci an yi mini guɗa. Da Inna ta farfaɗo, abin da ta fara roƙon Saratu shi ne kada a bar yarinyar nan ta shigo. Duk zaman da ta yi a asibiti a bakin ƙofa nake miƙa kunu, Saratu ta karɓa, ta raɗa mini yadda aka kwana. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba sai bayan an girbe dawa. Maganar ta zaga unguwa, domin a ɗakin akwai matan Tudun Wada biyu, har wasu iyaye suka cire ƴaƴansu mata daga ajina, wai kada su koyo rashin kunya. Na sha kuka a bayan makaranta, na yi watanni ban rubuta ko baiti ɗaya ba. Na daɗe ina jin haushin tafintan nan, daga baya na ga bai yi komai ba sai aikinsa. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne kwana goman da na yi shiru ana yi mata allurar da ba ta ciwonta ba, alhali Saratu tana kusa, mace ƴar'uwata, da na ja ta gefe tun ranar farko da babu wanda ya ji. In za ku riƙe mini laifi a labarin nan, wannan za ku riƙe.

Sauran duk godiya ce. Na gode wa Allah da ya sa ramin ya buɗe ta inda akwai murfi. Na gode wa Saratu, wadda muka yi zumunci har ta koma garinsu, kuma ina roƙonku in kun haɗu da nata ku girmama su. Na gode wa likitan da bai ji nauyin yaga takardarsa ba, da Baba da ya tambayi takalminsa ya kuma saurari amsa. Gwaggo ma, da aka dawo gida ita ta tare a ɗakin Inna, tana ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau shida a rana kamar yadda aka ce, tana faɗa tana ba ta. Inna ta ƙara fiye da shekara ashirin a duniya. Ba ta sake cika ciki da tuwo ba, loma kaɗan ta ishe ta, amma ta koma daka, ta ga aurena, ta goyi yawancinku.

Ba ta taɓa tayar mini da maganar asibiti ba, ni ma ban tayar ba. Sau ɗaya kawai na ji abin da ke ranta, kuma kai Aminu kai ne sanadi. Na zo wankan gida bayan haihuwarka, kwana biyu da suna. Gwaggo ce ke yi mini wankan, Inna tana tsugune tana iza wuta a ƙarƙashin babbar tukunya. Ka yi kuka a ɗaki, na manta kaina na ɗauko ka na fito tsakar gida, ina kiran sunanka ina yi maka surutu a kan tsuntsayen da ke bisa katanga.

"Ke, ɗan fari ne fa," in ji Gwaggo. "Miƙo shi nan ki kau da kai. Har yanzu ba ki koyi komai ba?"

Inna ba ta waiwayo ba. Ta tura itace cikin murhu.

"Ƙyale ta, Yaya Dije. Bari ta saba masa da magana. Ni na san inda shirun nan ya kusa kai ni."

Ni kuwa na sake kiran sunanka, da ƙarfi wannan karon, kuma ban daina ba har yau.